Yadda muka haɗa wasan gargajiya a Jos don mutanen da girgizar ƙasa ta shafa a Turkiyya da Siriya

Tun ba yau ba wasu ƙannenmu ke damuna wai in rubuta yadda muka yi taron nan na 2023, saboda su ma suna son su riƙa haɗa irinsa a unguwanninsu in wani abu ya taso. Toh ga shi, zan faɗa yadda ya kasance a wajenmu, wanda zai ɗauki wani abu a ciki bismillah.

Girgizar ta faru ne ranar Litinin 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe 4:17 na asuba agogon Turkiyya, mu nan biyu da kwata na dare kenan, mutane na cikin barci. Ƙarfinta 7.8 ne, kusa da Gaziantep, kuma ana cikin tonon mutane sai ga wata mai ƙarfin 7.5 bayan kamar awa tara, ta ƙarasa gine-ginen da ta farkon ta tsattsaga. Larduna 11 abin ya shafa a Turkiyya, ga kuma arewacin Siriya, su Halab da Idlib, mutanen da dama can yaƙi ya gama ɗaiɗaita su. In an haɗa ƙasashen biyu waɗanda suka rasu sun haura 50,000. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu a Jos abin da ya fi tsaya mana a rai sanyin ne. Duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Disamba a garin nan, ko ya tsaya jiran keke a titin Bauchi da sassafe iska na yanka mai kunne, ba sai an yi mai dogon bayani ba, sai ga shi muna ganin mata da yara a waya suna kwana a fili dusar ƙanƙara na zuba musu, gida ya rushe, bargo ma babu. Su kuma samarin gidan kallon ƙwallo abin ya shige su ne ta wajen Christian Atsu, ɗan Ghana da ya taɓa buga wa Newcastle, yana ƙungiyar Hatayspor ta Turkiyya lokacin, ya ci musu ƙwallon nasara a daren da za a wayi gari da girgizar, aka yi ta nemansa har ranar 18 ga wata aka ciro gawarsa. Ranar wallahi gidan kallon unguwarmu tsit ya yi.

Da farko lambar akawun kawai aka tura a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Ni ban ga laifin mutane ba ko kaɗan. A lokacin ne fa aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a gari, mutum zai kwana a layin banki ya dawo hannu rabbana, masu POS na cajin abin da suka ga dama, taransfa kuma ka tura da safe sai dare ta shiga in ma ta shiga, ga layin mai, ga zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ya matso kowa hankalinsa a tashe. Sannan ga 'yan damfara sun cika intanet da hotunan yaran da aka ciro suna saka lambar akawun ɗinsu. Mutumin da ya sha wahala kafin ya samu dubu biyu a hannunsa, kace ya tura wa wasu da bai taɓa gani ba ta hannun wanda bai san inda zai kai ba, ai dole ya yi jim.

Wannan shi ne abin da na fi so ƙannenmu su riƙe. Taimakon nesa ba kamar na maƙwabci ba ne da za ka kai da hannunka ka ga fuskarsa. Wanda ya ba ka kuɗin nan ba zai taɓa zuwa lardin Hatay na Turkiyya ya duba ba, kai ne idonsa, dan haka komai sai ka yi shi a fili tun daga bayanin abin da ya faru har zuwa rasit na ƙarshe. Dalilin da ya sa muka ce a fito fili a haɗu kenan, a ga juna, a ƙirga kuɗin a gaban kowa.

Kwamitin namu ba wani babba ba ne. Akwai ni, akwai wata yayarmu malamar asibiti wadda ita ta riƙe littafi, akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ke saro abaya da labule daga Istanbul, akwai malamin jogirafi na wata sakandare, sai wani abokina Birom shugaban matasan cocinsu wanda muka taso tare tun firamare. Shi ne ma ya kawo shawarar wasan gargajiya, yace a Jos in kana so kowa ya fito, Musulmi da Kirista, toh ka kira makaɗa ka kira masu abinci.

Ba kowa ne ya yarda ba, kuma waɗanda suka ƙi suna da hujja. Da muka je wajen limaminmu ya saurare mu har muka gama sannan yace, "Ɗana, mutane na ƙarƙashin gini ku kuna shirin kaɗa kalangu?" Nace, "Allah ya gafarta Malam, ba murna za mu yi ba, hanyar da jama'a za su taru muke nema, in an ce wa'azi ne rabin unguwa ba za su zo ba, in an ce taron coci ne ɗaya rabin ba za su zo ba." Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya gindaya mana sharuɗɗa, a buɗe da addu'a, mata ɓangarensu daban, ba rawar cakuɗa, ba waƙar batsa ko habaici, kuma a tashi kafin magariba. Muka ce mun ji mun ɗauka. Gaskiya sharuɗɗan nan su suka gyara mana taron, dan su suka sa magidanta suka bar iyalansu suka fito.

Ɗayar maganar ta fi nauyi, wata Hajiya ce ta faɗe ta a zaman mata, tace "ku da kuke ta Turkiyya Turkiyya, namu na gida fa?" Kuma tana da gaskiya, watanni kaɗan kafin nan ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, mu kanmu 'yan Jos ba mu manta ruwan 2012 da ya ci mutane a Rikkos ba, ga 'yan gudun hijira a ƙauyukan Filato. Mun yi ta kai-komo a kan wannan har aka kusa ɓatawa. Abin da muka tsayar shi ne kashi ɗaya cikin huɗu zai tsaya a gida, sauran a raba tsakanin Turkiyya da Siriya, kuma muka rubuta haka ɓaro-ɓaro a fosta tun kafin a karɓi ko sisi. Wannan yana da muhimmanci sosai, rabon kuɗi ana faɗarsa ne kafin a tara, in ka bari sai kuɗi ya taru sannan ka ce za ka cire wani abu ka kai wani waje, ko da niyyarka mai kyau ce ka taɓa amana.

Maganar izini kuma mun bi ta mai unguwa, muka je wajen 'yan sanda da takarda, dan lokacin tsakanin zaɓuka biyu ne, na gwamnoni da aka ɗaga zuwa 18 ga Maris bai zo ba, kuma kowa ya san yadda Jos take da taro a irin wannan lokaci. Wani yaron ɗan siyasa ya zo yace maigidansa zai biya kanofi da kujeru da janareto duka in za a rataya hotonsa. Muka yi mai godiya muka ce in zai bayar ya bayar kamar kowa a rubuta a littafi. Bai dawo ba. Kujerun muka aro daga coci da islamiyya, mai hayar sifika ya ba mu kyauta, man janareto mu 'yan kwamiti muka haɗa daga aljihunmu, saboda mun yi alƙawarin ba za a taɓa kuɗin taimako a biya hidimar taro ba. Na sha ganin taron da ake kashe kusan duk abin da aka tara a kan ado da abin sha na manyan baƙi, abin yana min ciwo.

Ranar Lahadi muka saka, bayan azahar, lokacin 'yan coci sun taso. Filin wata firamare. Shiga naira 500, yara kyauta.

Bayan addu'ar liman da ta fasto sai muka ba malamin jogirafi makirufo, kuma har yau ina ganin wannan ne ya fi komai amfani a taron. Bai zo da turanci ba. Ƙwarya ya ɗauko fasasshiya wadda aka ɗinke, ya ɗaga yace haka bayan ƙasa yake, ɓangare-ɓangare ne a haɗe kuma suna motsi a hankali, ɓangaren Larabawa na turo na Turkiyya shekara da shekaru, wajen ɗinkin ya riƙe ya riƙe har ranar da ya kasa, shi ne ya ɓalle lokaci guda. Yace bambancin 6.8 da 7.8 ba ɗaya ba ne kamar yadda ake ƙirga lemo, ƙarfin da ke fita ya kai ninki talatin da wani abu. Sannan yace yawanci ba girgizar ke kisa ba, ginin da ya faɗo kan mutum ne, nan magina da ke wajen suka fara kallon juna, dan kowa ya san yadda ake rage rodi da siminti a garuruwanmu.

Wani yaro ya tambaye shi tsunami fa, sai ya sa aka kawo baho cike da ruwa, ya nutsa faranti a ƙasa ya ɗago shi da ƙarfi ruwan ya yi tsalle ya zube ta gefe ya jiƙa yaran da ke gaba, yace toh haka ne in girgizar ta faru a ƙarƙashin teku ta ɗaga ƙasan ruwan. Ya ba su labarin 26 ga Disamba 2004, girgiza mai ƙarfin 9.1 kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, ruwan ya kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe 14, yankin Aceh ya fi kowa asara, kuma igiyar ta ƙetare tekun Indiya gaba ɗaya ta zo ta ci mutane a Somaliya, nan Afirka, dan a tsakiyar teku gudun jirgin sama take yi. Yace a wurare da yawa ruwa ya fara janyewa ne daga gaɓa, mutane suka bi suna tsintar kifi ba su san alama ba ce ta a gudu a hau tudu. Ya kawo ta Japan ta 11 ga Maris 2011 da ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima, ƙasar da ta fi kowa shiri amma duk da haka ta rasa dubban mutane. Da wani dattijo yace Alhamdulillahi mu Allah ya raba mu da wannan, malamin yace, "Haka ne Baba, ba ma kan babban layin, amma a tambayi mutanen Mpape a Abuja abin da suka ji a Satumbar 2018, wasu a waje suka kwana." Ni na lura daga nan yanayin filin ya canja, mutane suka daina kallon abin kamar labarin wata duniya.

Sai aka shiga wasa. 'Yan rawar Asharuwa na ƙabilar Afizere suka buɗe da sarewarsu, aka kaɗa kundung, abin kiɗan gargajiya na Birom, mata suka yi kiɗan ƙwarya a ɓangarensu, samari suka yi kokawa a yashin da muka zuba, 'yan islamiyya suka yi ɗan wasan kwaikwayo. A gefe kuma masa da miyar taushe, gwate na acha, soyayyen dankalin turawa, awara, tsire, kunun gyaɗa da zoɓo, ga masu lalle suna zana wa 'yan mata, kowace mai abinci ta yarda ribar ranar ta shiga asusu, uwar kuɗinta ta koma mata. Kar a ce wa mai ƙaramar sana'a ta ba da jarinta, ba adalci ba ne.

Matsalar ita ce liƙi, dan babu takardar da za a liƙa. Wani tsohon makaɗin kalangu ne ya warware mana ita ba tare da mun tsara ba. Mun rubuta lambar akawun da manyan baƙaƙe a allon makaranta, yayarmu na zaune da wayar da alat ke shigowa, da ta ji ƙara sai ta faɗa wa sanƙira sunan, in mai shi ya yarda a faɗa. Baban nan sai ya saƙale kalangunsa a hammata ya tsaya kusa da teburinta yana jira, ana faɗar suna sai ya matse igiya ya kama kirarin mutumin da na gidansu, ya taka har gabansa. In sabis ya tsaya sai ya sassauta kiɗan yana ɗan taɓawa a hankali yana kallon wayar, yace mata, "'Yata, ya shigo?" tace "Tukuna Baba", jama'a na ta ɗaga waya sama suna neman sabis, da ta shigo kuwa filin gaba ɗaya sai ya ɗauki shewa. Mahauta suka shiga gasa da 'yan gwari, direbobin keke suka haɗa nasu a dunƙule. Da aka tashi muka kawo mai ɗan abin sallama ya ture hannuna yace a zuba a ciki.

Akwai kuma wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin makarantar, ba ta da waya balle akawun. Ta zo teburin ta kwance bakin zaninta ta ciro tsofaffin 'yan ɗari bibbiyu sun yi laushi dan tsufa, ta mimmiƙe su ɗaya bayan ɗaya a kan littafin tace, "Ɗan nan, wannan dai an ce har yanzu tana ci ko?" Nace tana ci Mama. Tace a sai wa yaran can bargo. Muka rubuta mata rasit kamar yadda muka rubuta wa Alhazai, ta ninke ta ɗaure a inda kuɗin ya fito. Tsofaffin 500 da 1000 ma mun karɓa duk da 'yan kasuwa na ƙinsu a lokacin, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa suna nan da darajarsu, muka ware su a ambulan daban muka rubuta, da Babban Banki ya fitar da sanarwa ranar 13 ga wata muka kai su banki.

Kowane bayan ɗan lokaci ana tsayar da kiɗa a rubuta jimilla a allo. Da aka gama, mutum uku suka ƙirga tsabar a kan tebur a gaban jama'a, ɗaya daga masallaci, ɗaya daga coci, ɗaya daga cikin mata, duka suka sa hannu.

Sai maganar kaya. Mutanen Jos akwai rigunan sanyi, kuma tun kafin ranar an fara tara mana suwaita da jaket da barguna, 'yan gwanjon kasuwar Katako ma suka kawo dila guda. Alhajin Istanbul ne ya zaunar da mu yace kuɗin da za a kashe a ɗauki buhun gwanjo daga nan zuwa can ya fi kuɗin kayan, kuma Turkiyya ƙasa ce mai masaƙu, mu ne ma ke zuwa saro tufafi a wajensu, bargon da za a saya a can ya fi arha ya fi saurin isa, sannan tsofaffin kaya in sun yi yawa aiki suke ƙara wa masu agaji, sai an ware an wanke an nemi wajen ajiya. Dan haka muka faɗa wa masu kayan gaskiya, muka yi gwanjonsu a filin kuɗin ya shiga asusu, abin da ya rage muka haɗa da kason gida aka kai wa 'yan gudun hijira.

Tura kuɗin ya fi tara shi wahala, wannan kam ban zata ba. Katin naira a lokacin kusan ba ya biyan komai a waje, dole sai an canja zuwa dala, a hukumance dala na wajen 460 amma mu talakawa a kasuwa muke samu wajen 750, ka ga kuɗin da ya cika ido a allo ya koma ɗan kaɗan, har yayarmu ta yi hawaye. Akawun ɗin dala na Alhaji muka yi amfani da shi, amma ba mu bar shi shi kaɗai ba, shi da kansa yace sai mutum biyu sun zauna kusa da shi lokacin turawa. Wasu sun so a ba wani ɗalibi da ke karatu a can ya raba da hannunsa, muka ƙi, ba dan ba mu yarda da shi ba, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuma babu yadda zai kawo shaidar da za ta gamsar da kowa. Muka bi ta ƙungiyar Red Cross da Red Crescent ta duniya wadda ta buɗe asusun neman agaji na ƙasashen biyu.

Ni na dage a kan kason Siriya, dan kyamarori duk suna Turkiyya. A lokacin, a arewa maso yammacin Siriya ƙofar kan iyaka ɗaya tak Majalisar Ɗinkin Duniya ke shigar da agaji ta ita, Bab al-Hawa, motocin farko ba su shiga ba sai ranar 9 ga Fabrairu, sai bayan mako guda da girgizar aka amince a buɗe ƙarin ƙofofi biyu, alhali awannin farko su ne ake samun mutane da rai. 'Yan sa-kai masu aikin ceto na Siriya da ake kira masu fararen hula da hannu da shebur suka yi ta tono.

Da rasit ya fito muka buga shi da yawa tare da lissafin komai, abin da ya shigo ta ƙofa, na abinci, na gwanjo, na taransfa, farashin da aka canja dala, har cajin banki. Aka manna a ƙofar masallaci da ta coci da shagon mai shayi, liman ya karanta bayan sallar Juma'a, abokina ya karanta a cocinsu, aka tura hotonsa a guruf. Yayarmu ta taka da ƙafarta ta kai wa mai gyaɗa ta karanta mata. Duk wannan kafin azumi ya kama ranar 23 ga Maris.

Amfanin wannan wahalar mun gan shi daga baya. Da girgiza ta auku a Maroko ranar 8 ga Satumba na shekarar, mutane ne da kansu suka riƙa tare mu a hanya suna tambaya ko za a buɗe littafi. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024 kuwa ko makaɗi ba mu kira ba, sanarwa ɗaya aka yi a masallaci da coci. A wannan karon mun karɓi kaya hannu bibbiyu, tufafi da tabarmi da gidan sauro da buhunan masara da dankali, saboda mota za ta tashi daga Jos da asuba ta bi Bauchi da Potiskum da Damaturu ta sauke a ranar, kuma muna da 'yan uwa a can da suka faɗa mana takamaimai abin da ake buƙata kafin mu loda. Mutum biyu daga kwamiti suka bi motar, suka dawo da takardar da waɗanda suka karɓa suka sa wa hannu, ita ma aka manna ta.